Bahon ruwan ɗumi a gidan sola: Inda kuɗin wuta ke zurarewa da yadda ake rage shi

A ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Jamus da Ostareliya, gidaje da dama na ajiye wani makeken baho a farfajiya ko cikin lambu, wanda mutum huɗu zuwa shida za su iya zama a cikinsa lokaci guda. Yakan ɗauki lita 1,000 zuwa 2,000 na ruwa, kuma ba a zubar da ruwan bayan kowane wanka. Ana barin sa da zafin digiri 37 zuwa 40 a ma'aunin Selsiyos dare da rana, wata da watanni, ana tace shi ana zuba masa magani. Nan ya bambanta da jakuzin da ake gani a banɗakunan manyan otal-otal na Abuja da Legas, wanda ake cikawa a yi wanka a buɗe masa ya tafi.

Riƙe ruwa mai yawan haka da ɗumi a waje, musamman inda ake tsananin sanyi, ya sa wannan baho yana cikin kayan da suka fi shan wuta a gidan da yake. Mutane da yawa da suka kafa farantan sola a rufinsu sun ɗauka cewa daga ranar sun rabu da wannan kuɗi, sai takardar kuɗin wuta ta zo ta nuna musu akasin haka. Dalili kuwa a fili yake: sola na bayar da wuta da rana tsaka, baho kuma ya fi neman ta da dare da asuba, lokacin da sanyi ke zuƙe zafin ruwa.

Asalinsa a taƙaice

Sunan jakuzi ya samo asali ne daga iyalan Jacuzzi, 'yan ƙasar Italiya da suka yi ƙaura zuwa jihar California a farkon ƙarni na 20. A shekarar 1956 kamfaninsu ya fitar da wani ƙaramin inji da ake sanyawa a bahon wanka ya riƙa kaɗa ruwa, wanda Candido Jacuzzi ya ƙera tun farko domin ɗansa mai fama da ciwon gaɓɓai. A 1968 Roy Jacuzzi ya fito da bahon da aka gina bututun feshin ruwa a jikinsa. Daga nan abin ya tashi daga kayan jinya ya koma kayan hutu.

A lokacin kullen korona na 2020 an yi rububin sayen masu araha na roba, waɗanda ake hura wa iska, musamman a Birtaniya. Shekara biyu bayan haka farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo a Turai, har gwamnatin Birtaniya ta tsayar da kuɗin wutar gidaje a kusan peni 34 kan kowane yunit a watan Oktoban 2022. Tun daga lokacin tambayar yadda za a rage abin da bahon ke ci ta zama ruwan dare a tsakanin masu shi.

Lissafin da komai ya rataya a kai

Yunit ɗaya na wuta shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda, wato irin yunit ɗin da mai mita ke saya a kati. Kafin a ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya, ana buƙatar kusan wat 1.16 na awa guda. Baho mai lita 1,500 ke nan yana cin kimanin yunit 1.75 a kan kowane digiri. Idan aka cika shi da ruwan famfo mai digiri 15 ana son ya kai 38, sai an kashe kusan yunit 40, kuma hita mai ƙarfin kilowat 3 za ta shafe sama da awa 13 tana aiki kafin ta kai shi can, domin abin da take iya ƙarawa bai wuce digiri 1.7 a awa ba.

Sai dai wannan babban ɗumamawa sau uku ne ko huɗu a shekara, lokacin canza ruwa. Kuɗin da ya fi yawa yana tafiya ne a hankali, wajen mayar da zafin da ke sulalewa kullum ta murfi da bango da ƙasan baho, da kuma wutar injin da ke zagaya ruwa ta cikin matata. Yawan zafin da ke fita ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da na iskar waje. Ruwa mai digiri 38 a daren da iska ke digiri 8 yana da tazarar 30. Ruwan nan dai a yinin da iska ke 23 tazararsa 15 ce kawai, don haka asararsa kusan rabi ce. Shi ya sa baho ɗaya kan ci ninki biyu ko fiye a hunturu bisa abin da yake ci a bazara.

Murfi kafin komai

Duk wanda ya san randa ya san yadda ruwa ke yin sanyi idan wani ɓangare nasa na tashi ya bi iska. Abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne babban abokin gabar bahon ɗumi. Kowace lita ɗaya da ta zama tururi tana tafiya da zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na yunit. Bahon da aka bari a buɗe a daren iska yana iya zubar da zafin da hita ta yini tana tarawa cikin 'yan awoyi, kuma kunna bututun feshi na ƙara abin, saboda ruwan da ke tafarfasa da kumfa ya fi saurin tururi. Bututun da ke cusa iska cikin ruwa ma iskar waje mai sanyi suke jawowa, don haka ake rufe maɓallansu da zarar an fito.

Murfin baho soso ne mai kauri da aka naɗe da leda aka lulluɓe da fatar roba. Da shekaru suka ja, tururi da maganin ruwa kan cinye ledar, soson ya sha ruwa. Jiƙaƙƙen soso ba ya riƙe zafi, kamar yadda jiƙaƙƙen bargo ba ya maganin sanyi. Alamar ba ta da wuyar ganewa: murfin da a da mutum ɗaya ke ɗagawa cikin sauƙi ya koma sai da nishi, ko ya lotsa a tsakiya ruwan sama na taruwa a kansa, ko kuma a safiyar sanyi a ga tururi na fita ta wurin da ya naɗe biyu. Irin wannan murfi canza shi ake yi. Akwai kuma siririn bargo na roba da ake shimfiɗawa a kan ruwan kansa a ƙarƙashin murfi, wanda ke tare tururi tun daga tushe, ga shi da araha. Shingen da zai kare baho daga iska da shimfiɗar soso a ƙasansa su ma suna taimakawa, musamman ga na roba, waɗanda bangonsu iska ce kawai tsakanin leda biyu.

Wannan mataki ya kamata ya riga kowane, domin yunit ɗin da bai fita ba babu buƙatar a nemo shi daga ko'ina. Ƙara farantan sola saboda baho mai ruɓaɓɓen murfi daidai yake da zuba ruwa a kwando. Ga mai shirin saye kuwa, jihar California ta kafa ƙa'ida kan iyakar wutar da irin waɗannan bahuna za su ci idan suna rufe ba a amfani da su, kuma ana gwada su a kan haka kafin a sayar a jihar. Wannan adadi ya fi yawan bututun feshi da fitilu masu launi faɗa wa mai saye abin da zai riƙa biya.

Wutar rana ba kyauta ba ce, amma farashinta ya bambanta da awa

A mafi yawan waɗannan ƙasashe gidan da ke da sola yana haɗe da layin wutar gari. Abin da ya rage masa da rana yana turawa layi a biya shi, da dare kuma ya saya. A da, a wurare da dama, ana lissafin yunit ɗin da aka tura daidai da wanda aka saya, don haka babu ruwan mai gida da lokacin da hita ta kunna. Wannan zamani yana shuɗewa.

A California, hukumar da ke kula da kamfanonin wuta ta amince da sabon tsari a watan Disamban 2022, ya fara aiki a Afrilun 2023, inda kuɗin da ake biyan sababbin masu sola kan wutar da suka tura ya ragu da kusan kashi 75 cikin ɗari. Manyan kamfanonin wutar jihar kuma sun fi tsawwala farashi daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 9 na dare, daidai lokacin da rana ke faɗuwa mutane ke shiga baho. A Birtaniya an rufe tsohon tsarin tallafin sola ga sababbin masu nema a ƙarshen Maris na 2019, aka kawo wani a Janairun 2020 wanda kowane kamfani ke yanka nasa farashin, kuma galibi yana ƙasa da farashin saye sosai. A Jamus ƙaramin mai sola na karɓar kusan santi 8 kan yunit ɗin da ya tura, alhali yana sayen yunit a sama da santi 30. A jihar Ostareliya ta Kudu wutar rana ta yi yawa har aka fito da farashi mai rahusa na musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na rana, domin a ja hankalin mutane su yi amfani da ita a lokacin.

Ma'anar wannan ga mai baho a Jamus, alal misali, ita ce yunit ɗin da hita ta sha da azahar ya ci masa santi 8 da zai samu da ya sayar, wanda ta sha da dare kuwa ya ci masa sama da 30. Zafi iri ɗaya, farashi kusan ninki huɗu. Saboda haka mataki na biyu bayan gyara murfi shi ne mayar da aikin hita da na tace ruwa zuwa tsakanin hantsi da la'asar. Yawancin bahunan zamani suna da tsarin da ke hana hita kunnawa sai a lokutan tacewa da aka saita, wasu kuma ana sarrafa su ta manhajar waya. Sai a saita babban zagayen tacewa ya faɗa tsakiyar rana, a bar ɗan gajere da dare.

A nan ne ruwan kansa ke zama ma'ajiya. Idan aka bar hita ta kai ruwa digiri 40 da rana, sa'annan aka hana ta aiki har ya sauko 37 da safe, digiri ukun nan a baho mai lita 1,500 sun kai yunit biyar da 'yan kai. Batirin gida na Tesla Powerwall, wanda ake saye da dubban daloli, yunit 13.5 yake ɗauka. Ke nan ruwan da ke zaune a farfajiya yana iya adana fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da batirin ke adanawa, ba tare da an sayi komai ba. Amma dabarar ba ta aiki sai da murfi mai kyau, kuma tana da rufi: hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta yi gargaɗi tun 1979 cewa kada ruwan baho ya wuce digiri 40, kuma mata masu juna biyu da ƙananan yara da masu ciwon zuciya suna buƙatar ƙasa da haka.

Tambayar da ake yawan gardama a kai ita ce ko rage zafi idan ba a amfani yana da riba, ko kuwa sake ɗumamawa na cinye ribar. A ilimin kimiyya amsar ba ta da ruɗani: ruwa mai ƙarancin zafi ya fi ƙarancin asara a kowane hali. Rage digiri biyu a daren da tazara ke 30 na rage asara da kusan kashi 7 cikin ɗari. Inda ake faɗuwa shi ne wurin lokaci. Wanda ya rage zafi da rana, sa'annan ya ɗaga shi da magariba domin ya shiga, ya ƙi wuta mai araha ya sayi mai tsada. Ga wanda ke shiga baho a ƙarshen mako kawai, ragewa da digiri da yawa a sauran kwanaki da fara ɗagawa tun hantsin ranar da ta gabata shi ne daidai.

Girman hita da girman sola

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Farantai masu ƙarfin kilowat 4, waɗanda su ne matsakaita a rufin gidajen Birtaniya, ba safai suke bayar da cikakken ƙarfinsu ba, kuma firji da sauran kayan gida na ɗibar nasu kaso. Hita mai kilowat 3 idan ta kunna tana jan ukun nan ne gaba ɗaya, ba ta san rabi ba. Idan abin da ya rage daga sola kilowat ɗaya da rabi ne, sauran daga layi zai fito ko da rana na tsaka. A Amurka, inda manyan bahuna ke zuwa da hita mai kilowat 4 zuwa sama da 5, giɓin ya fi haka.

Akwai na'urori irin su eddi na kamfanin myenergi da Solar iBoost, waɗanda ke auna rarar wutar sola su tura daidai wannan adadin ga hitar tankin ruwan zafi na gida. Suna aiki da kyau a tanki, amma haɗa su da baho ba kai-tsaye ba ne, domin hitar baho tana ƙarƙashin allon sarrafawa da ke tabbatar da cewa ruwa na gudana kafin ta kunna. Hitar da ta kama ba ruwa mai gudana tana iya ƙonewa. Taɓa waɗannan wayoyi aikin ƙwararren mai gyaran lantarki ne, yana iya soke garanti, kuma ba a yi wa na'urar da ke katse wuta idan ta yi yoyo wasa a wurin da mutane ke zama tsundum cikin ruwa.

Maganin da ya fi dacewa da sola shi ne injin janyo zafi daga iska. Yana aiki ne kamar na'urar sanyaya ɗaki da aka juya: maimakon ya kwashe zafin ɗaki ya watsar waje, sai ya kwaso zafin iskar waje ya zuba cikin ruwa. Hita ta gargajiya yunit ɗaya na wuta take mayarwa yunit ɗaya na zafi, ba ƙari. Wannan inji kuwa yana iya bayar da yunit uku zuwa biyar na zafi daga yunit ɗaya idan iska ba ta yi sanyi ƙwarai ba. Ribarsa biyu ce a gidan sola. Yana jan kusan kilowat ɗaya ne kawai, wanda rarar farantai ke iya ɗauka na awoyi da yawa a yini, kuma ya fi ƙwazo da rana lokacin da iska ta fi ɗumi, wato daidai lokacin da wutar ta fi araha. Aibinsa shi ne tsadar saye da haɗawa, da ƙarar fanka, da raguwar ƙarfinsa idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Ga wanda ke amfani da baho duk shekara a ƙasa mai tsadar wuta, yana mayar da kuɗinsa. Ga mai bahon roba da ke fito da shi watanni uku na bazara, da wuya.

Game da batir, ciyar da hita daga gare shi da dare ba dabara ba ce. Hita mai kilowat 3 za ta ƙarar da batir mai yunit 13.5 cikin awa huɗu da rabi, ta bar gidan yana sayen wutar fitilu da girki daga layi. Wannan darasi ya shafi gidajen Najeriya da ke kan inbata da batir ba tare da sayar wa layi komai ba, ko da baho ko babu: hitar ruwan wanka da aka kunna da azahar tana shan wutar da farantai za su yi asararta bayan batir ya cika, wadda aka kunna da asuba kuwa batir take tatsa, ko mita. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, wannan bambanci ya zama kuɗi na gaske.

Hunturu

Duk waɗannan dabaru suna da iyaka a ƙasashen arewacin duniya. A Birtaniya abin da farantai ke bayarwa a Disamba ba ya kai kashi ɗaya cikin uku na abin da suke bayarwa a Yuni, alhali a lokacin ne baho ya fi ci. A waɗannan watanni masu shi kan koma ga farashin dare mai rahusa, irin tsohon tsarin Economy 7 mai awa bakwai, su ɗumama ruwa kafin asuba. Wasu kan zubar da ruwan su rufe bahon har bazara. Abin da ba a yi shi ne kashe wutarsa a bar ruwa a ciki, domin ruwan da ya daskare a bututu yana fasa su, kuma gyaran ya fi kuɗin wutar da aka yi tanadi. Canza ruwa kuma, mai cin yunit 40, gara a tsara shi ya faɗa kwanakin da rana ke da ƙarfi, a raba ɗumamawar gida biyu a yini biyu.

Inda tsimi ke zama haɗari

Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗi a idon wanda bai sani ba ita ce kashe injin tace ruwa na tsawon lokaci, kuma ita ce mafi muni. Ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa ciwon huhu mai tsanani, tana yaɗuwa a ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 45, wato ko an rage zafin baho ko ba a rage ba yana cikin yankin da take so. Ana kamuwa da ita ta shaƙar feshin ruwa, ba sai an shiga ba. A 1999, a wani baje kolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, wani bahon talla da ba a sa wa magani ba ya yi sanadin mutuwar sama da mutum 20 daga cikin masu ziyara. A watan Satumban 2019 an sake ganin irin haka a wani baje koli a jihar North Carolina ta Amurka, inda sama da mutum 130 suka kamu, huɗu suka rasu, bincike kuma ya danganta abin da bahunan da aka baje domin talla.

Saboda haka awoyin tacewa ana iya matsar da su zuwa rana, amma ba a rage su ƙasa da abin da kamfanin da ya ƙera bahon ya tanada, kuma ba a barin ruwa ya kwana ya yini bai motsa ba. Ana auna sinadarin kulorin ko buromin a kai a kai ko da babu wanda ya shiga, ana wanke matata duk mako ko biyu. Matatar da ta toshe tana rage gudun ruwa, ta wahalar da inji, wani lokaci ma ta sa allon sarrafawa ya katse hita a tsakiyar awoyin rana da aka saita mata, sai ta rama aikin da dare a farashi mai tsada.